Garin Miya na Gida: Aikin Yana Wajen Shanya

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage shi]

 Iyayenmu mata, uwargida da amarya, da ku maza masu fita cefane, yau shirin na kowa ne, domin maganar tukunya za mu yi.

Duk wanda ya leƙa kasuwar 'Yankaba a Kano cikin Janairu ko Fabrairu, ko ya bi hanyar Zariya ya ratsa ta Kwanar Gafan, ya san yadda tumatir ke yin yawa. Lambunan Kadawa da Kura da Bunkure, masu shan ruwan madatsar Tiga, kusan lokaci guda suke nuna. Kwanduna jibge, mai kaya yana lallashin mai saye, abin da ya kwana ba a sayar ba kuma gobe na zubarwa ne. To, a bari a shiga Yuni, damina ta sauka. Tumatirin nan da aka yi ta tsallakewa a bakin titi, shi za a jera miki guda huɗu a faifai a faɗi kuɗin da sai kin sake tambaya, ko kunnenki ne bai ji daidai ba. Haka albasar Aliero da ta Galmi, haka tattasan Haɗeja da na Diffa. Kowace shekara sai an yi wannan, kowace shekara kuma sai mu yi kamar yau muka fara gani.

Kakanninmu dai ba su naɗe hannu ba. Su suka bar mana kauɗa, wato busasshen tumatir, da busasshiyar kuɓewa, da kuka, da karkashi. Su suka bar mana gabu, ganyen albasar nan da ake kirɓawa a cura a shanya, wanda har gobe a ƙasar Sakkwato da Nijar akwai matan da ba sa ɗora miya babu shi. Yajin jego ma da ake daka wa mai haihuwa, ai busassun kaya ne aka tara a turmi ɗaya. Ƙari kawai za mu yi a kan abin da muka gada: mu busar da tumatir da albasa da tattasai da karas da tafarnuwa da hannunmu, mu mayar da su gari, mu haɗa a kwalba, yadda idan an zo miya cokali biyu zai ɗauke mafi yawan aikin da muke jefa dunƙulen magi huɗu ko biyar su yi.

Duk inda aka tayar da wannan magana, tambayar farko ita ce, “Mene ne haɗin? Cokali nawa na wannan, nawa na wancan?” Zan faɗa, amma sai can gaba, kuma ba zai ci mana minti biyu ba, domin haɗi kowa da bakinsa. Wajen shanya gari ke gyaruwa, can kuma yake lalacewa. Can za mu daɗe.

Wata za ta ce, to ina busasshen tumatir ina ɗanɗanon dunƙule? A shekarar 1908 wani masanin kimiyya a Japan, Kikunae Ikeda, ya binciki abin da ke sa romon wani ganyen teku da mutanen can suke dafawa ya yi garɗi, ya gano wani sinadari ne mai suna gulutamet. Daga bincikensa aka fara yin farin magi, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Maggi na ƙasar Suwizalan ya fito da dunƙulensa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, wannan sinadari Allah ya zuba shi cikin nunannen tumatir tun asali, kuma yana fitowa a kalwa idan an dafa ta an rufe ta ta yi kwanaki ta zama daddawa. Tumatir kuwa wajen kashi 94 cikin 100 nasa ruwa ne. Ruwan ya tafi, garɗin ya tattaru a ɗan abin da ya saura. Shi ya sa miyar kauɗa ke da nauyin ɗanɗanon da ɗanye ba ya bayarwa. Shi ya sa kuma idan kin shanya kilo 10 kika kwashe abin da bai cika kilo 1 ba, kada ki tuhumi yaran gida, ba wanda ya ɗiba. Albasa ta ɗan fi auki, kilo 10 kan ba da wajen kilo 1.

Mu fara daga kasuwa. Maigida, nan naka ne. Akwai tunanin cewa tunda shanyawa za a yi, a sayo wanda ya fashe ya fara ruwa, wanda mai gwari ya ware gefe yana bayarwa rabin kuɗi. Rana ba ta gyara ruɓaɓɓe. Da warinsa da tsaminsa zai bushe, ya kuma ɓata na kirkin da aka daka su tare. Ka zaɓo jajaye masu tauri, irin dogayen nan masu tsoka da 'yan gwari ke ce wa UTC ko Roma, sun fi ƙarancin ruwa. Tattasai ya zama ya nuna jawur. Albasa kuma wadda wuyanta ya bushe, ba ta fara tsiro ba.

A wanke komai tun kafin a sa wuƙa, da ruwa mai tsabta, a canza ruwan. Tun da tsutsar tumatir ɗin nan da manoma ke kira sharon ta yi ɓarna a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, ba a wasa da feshin magani a lambu, don haka wanki ba na ƙura kaɗai ba ne. A tsane a kwando, sannan a yanka.

Yanka yana da doka ɗaya: kauri ya zo daidai. Idan wani yanki siriri ne wani ƙato, siririn zai bushe ya fara ƙonewa ƙaton yana nan da ruwansa a ciki. Tumatir a yi shi fale-fale, kada ya wuce rabin santimita, a matse 'ya'yan da ruwan cikin a zuba a miyar ranar. Tattasai da attaruhu a tsaga, a cire hanci da 'ya'ya. Albasa siri-siri, a warware ta. Tafarnuwa a ɓare a yanka, citta a kankare a yanka, karas a goga a magogi.

Karas shi kaɗai ke son ƙarin hidima. Bayan an goga shi, a zuba a rariya a tsoma cikin ruwan da ke tafasa na minti 2 zuwa 3, a fitar a tsoma a ruwan sanyi, a tsane. Dalili kuwa, akwai wasu sinadarai a jikinsa da ke ci gaba da aiki ko bayan ya bushe, su ne ke sa launinsa ya koɗe, ƙamshinsa ya koma na ciyawa bayan 'yan makonni. Zafin ruwan ke tsayar da su. Albasa da tafarnuwa da barkono ba sa bukata, hasali ma ruwan zafi ƙamshinsu zai wanke.

[Ɗan kiɗa]

To, mun iso wajen shanya. Wanda ya yi tafiya a mota cikin rani ya ga kauɗa shimfiɗe a gefen kwalta, ko a kan tsurar ƙasa a bakin gona, ja-ja har iyakar ganinka. Ban ga laifin manomin ba, kayansa sun fi ƙarfin tabarmarsa, asara yake gudu. Amma kowa ya san abin da ke bi ta kai: ƙurar mota da hayaƙinta, akuya, kaji, ƙuda. Ita ce kauɗar da za ki jiƙa ki wanke sau uku, ki ci tuwo ki ji yashi a haƙori. Kauɗar da za a jiƙa tana da damar wanki. Wadda za a daka ta zama gari ba ta da wannan dama, abin da ya hau ta ya shiga ciki ke nan. Saboda haka shanyar gari dole ta fi kowace shanya tsabta.

Abin da ake bukata ba shi da tsada. Kafinta ya haɗa miki katako huɗu kamar firam ɗin taga, a ɗaure masa ragar roba ko tsohon gidan sauro da aka wanke tas, wanda ba mai magani ba. A ɗora kan bulo ko turaku ya tashi daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu. Hikimar ɗagawar ita ce iska ta bi ta ƙasa ta bi ta sama, domin iska ce ke kwashe ruwa, rana taimaka mata take yi. A baza kaya ɗai-ɗai, kada wani ya hau wani. A rufe da wata raga ko mayafi shara-shara, a ɗage shi kada ya taɓa kayan, saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Kada a shanya tumatir kai tsaye a kan kwanon rufi, tsaminsa yana cin ƙarfe, ya yi baƙi ya ɗauki ƙarnin kwano. Buhun taki, buhun siminti, ledar da ta taɓa maganin ƙwari, duk a nisanta su.

Ranar farko ita ce mai hukunci. A yi yanka da sassafe, hantsi ya tarar da kaya a shimfiɗe, yadda kafin la'asar fuskarsu ta ƙafe. Wadda ta bari sai bayan azahar ta yanka tumatir, a jiƙe zai kwana, da safe ta ji ya fara tsami. A riƙa juyawa sau ɗaya ko biyu a yini. Kafin magariba a kwashe a shigar ɗaki a bar shi a buɗe, kada a tura a leda, domin raɓar asuba tana mayar da aikin yini guda baya, ga ɓera ga kyanwa. Cikin hunturu mai kyau albasa da karas kan yi kwana 2 zuwa 3, tumatir 3 zuwa 5, tattasai mai kauri ya kan kai mako. Wannan ƙiyasi ne kawai, kayan za a duba, ba kalanda ba.

Ganye kuma nasa daban. Zogale, lawashi, ɗoɗɗoya, na'ana'a, a inuwa ake shanya su, a rumfa ko ɗakin da iska ke ratsawa. Rana tana cinye korensu, tana kuma rage sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido. Ganyen da ya bushe yana kore shar ya yi daidai, wanda ya koma ruwan ƙasa ya sha rana.

Mai hali tana iya sa a yi mata akwatin shanya: akwatin katako, cikinsa baƙin fenti, samansa farar leda mai kauri ko gilashi, da ƙofofin iska a ƙasa da sama waɗanda aka toshe da raga. Iska ta shiga ta ƙasa, ta yi zafi, ta ɗebi danshi ta fita ta sama. A karkata fuskarsa ta kalli kudu, domin a ƙasarmu cikin hunturu ta kudu rana ke ratsawa. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI, mai hedkwata a Ilori da ofishi a Kano, ta daɗe tana ƙera irin waɗannan. Mai oben kuma ta sa wuta can ƙasa, wajen digiri 60, ta bar ƙofar a ɗan buɗe. Idan wuta ta yi yawa bayan yankin zai ƙame ya kulle ruwa a ciki, ki ga kamar ya bushe alhali da saura. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Me ya sa nake ta nanata wannan sauran danshi? Saboda fumfuna. Akwai wani nau'inta da ke kama masara da gyaɗa da busasshen barkono idan sun kwana da laima, yana fitar da guba mai suna afulatoksin. Gubar nan hanta take yi wa illa, kuma an tabbatar tana cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kuwa ba baƙo ba ne a garuruwanmu. A 2004 ta kashe mutum fiye da 100 a Kenya, daga masarar da aka adana da danshi. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, dahuwa ba ta kashe ta. Ki tafasa, ki soya, tana nan. Don haka busasshen tattasai, ko naki ko na kasuwa, ki ɓalla ki duba cikinsa. Kika ga baƙi-baƙi, ko wata ƙura mai ruwan toka ko kore-kore, ko kika ji warin gumar ɗaki, zubarwa za a yi. Kada a kankare a yi amfani da sauran, kada kuma a ba dabba, domin tana iya fitowa a nonon saniya.

Nan ne ma nake ganin wanda ya daka da kansa ya fi wanda ya sayi gari kwanciyar hankali. Ba na cewa masu sayar da gari macuta ne, da yawansu masu tsoron Allah ne. Sai dai gari ba ya nuna abin da aka daka. Ko Ingila da duk binciken da suke yi, a 2005 sai da aka janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantuna, saboda garin barkonon da aka shigo da shi an rina shi da wani jan rini na masana'anta.

Yaya za ki san ya bushe? Ki ɗauki yanki mafi kauri, ki bari ya huce, ki lanƙwasa. Idan ya karye ɓas, ya yi. Idan ya tanƙwaru ya dawo, da saura. Tumatir shi ne mai taurin kai, saboda zaƙin jikinsa yakan tsaya yana danƙo ko ya kwana nawa. Ki zuba shi a kasko kan garwashin da ya fara mutuwa, kina juyawa na ɗan lokaci, kada ya canza launi, ki sauke. Yana hucewa zai yi ƙayau. Sannan gwaji na biyu: ki zuba a busasshiyar kwalba ki rufe, ki ajiye kwana 2 ko 3 kina girgizawa. Kika ga gumi a jikin kwalbar, ko yankuna suna manne wa juna, a koma shanya.

Daka kuma kowanne shi kaɗai, domin citta ba ta laushi lokaci ɗaya da albasa. A yi da tsakar rana, turmi da taɓarya a bushe ƙamas, ko ƙaramin kofin blanda na busassun kaya. A tankaɗe, a mayar da tsakin a sake dakawa. Injin unguwa ina ɗari-ɗari da shi: ragowar niƙan wanda ya riga ki zai shiga naki, zafinsa yana kore ƙamshi, haƙoransa kuma suna cin juna suna zubar da ɓurɓushin ƙarfe. Idan barkono za a daka, a ɗaure hanci, a kori yara, mai asma kuma ta ba wata.

Ga haɗin da na yi alkawari, da babban cokali. Tumatir 4, albasa 4, tattasai 3, karas 2, daddawa 2, tafarnuwa 1, citta 1, masoro rabi. Daddawar a farfasa ta a shanya ta bushe sosai kafin a daka. Attaruhu ko barkono a ajiye shi a kwalbarsa daban, don a iya ɗiba wa yara da mai gyambon ciki kafin a sa. Mai son kimba ko kanumfari ta ɗan ɗiga, suna da danne sauran. Na miyar kuka a ƙara daddawa da gabu a rage tumatir. Shi ke nan.

Kun lura ban ambaci gishiri ba, da gangan ne. Dunƙulen da muke saye, kusan rabinsa gishiri ne, wani ma ya fi. Ana ta jita-jita cewa guba ne, wai yana wanke kaza yana cin kaza. Ni ban bi wannan ba, damuwata yawan gishirin ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi ke ci ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya bai ma cika ba, kuma wannan ya haɗa da na burodi da na tsire da na komai. Mu kuwa mu jefa dunƙule biyar, mu bi da gishiri, mu kawo yaji mai gishiri a gefe, sannan a yi ta mamakin hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Idan garinki babu gishiri, za ki zuba ɗanɗano iya son ranki, gishirin kuma ki auna shi daban da idonki. A rage dunƙule sannu a hankali, daga huɗu zuwa biyu zuwa ɗaya, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, maigida ma ba lallai ya farga ba. Ɗan gishirin da za a sa kuma ya zama mai aidin, wanda dokar Najeriya ta wajabta tun 1993 don maganin maƙoƙo, yana kuma taimakon ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Mai shan maganin hawan jini ya ci gaba da shan abinsa, garin miya ba ya maye gurbin likita.

Wajen ajiya, shawarata kada ki daka duka. Ki daka na wata ɗaya ko biyu, sauran ki bar shi a yankansa cikin mazubi mai murfi, domin da zarar abu ya zama gari ƙamshinsa ya fara tafiya, kuma garin albasa da na tumatir suna jan laima kamar gishiri a watan Agusta. Kwalbar gilashi ta fi, a wanke ta, ta sha rana, ta huce. A ajiye nesa da murhu, inda babu haske. Kada a kaɗa kwalba a kan tukunyar da ke tururi, nan da nan garin zai dunƙule. A ɗiba da busasshen cokali, a rufe. Garin da ya samu wannan kula yana kai wata 6 da ƙamshinsa. Kuma don Allah, kada a kusantar da fiya-fiya ko wani maganin ƙwari ga abin da za a ci. Abin da ya bushe sosai aka rufe shi ruf, da wuya ƙwaro ya same shi.

A tukunya, gari yana saurin ƙonewa, ya yi ɗaci. Ki dama shi da ɗan ruwan ɗumi ki bar shi minti 10 ya kumbura, sannan ki zuba a mai kan wuta kaɗan. Garin zogale da na lawashi sai an kusa saukewa. Ku sani kuma, shanya tana tafiya da yawancin bitamin C, don haka ranar da ɗanyen ganye ko lemo ya samu, a ci.

Matan da ke son su mayar da wannan sana'a, akwai kasuwa, musamman daga Mayu zuwa Agusta. Ku rubuta ranar da aka daka a jikin kowane mazubi, ku rubuta abin da ke ciki, saboda masu larurar da aka hana su wani abu. Idan kuma kaya za su shiga kanti da suna da tambari, sai an bi ta hukumar NAFDAC an yi rajista, su zo su ga wurin da ake aikin.

Lokacinmu ya cika. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]